Shirun Gyare

Shekara tara ina barci cikin kukan gyare.
A bayan gida, inda dā ɓauna ke kwana,
na gina kwami shida na siminti,
na jera kwalayen ƙwai kamar unguwar benaye,
kowane rami da mai shi.
Ni Sawaeng, wanda gonar shinkafa ta yi wa rowa,
ga ni ina kiwon abin da nake tonowa da tsinke ina yaro.

Kwana arba'in da 'yan kai, in sun fara kuka,
ka san kasuwa ta matso.
Mu ba su kabewa su wanke ciki,
Thongbai ta soya su da ganyen lemun tsami,
a ci da shinkafa mai danƙo.
Da su aka rufe ɗaki da kwano,
da su Lamduan ta yi karatu a Khon Kaen.

Sai damina ta zo da shiru.
Kwami na uku ya fara.
Na ɗaga kwali, ga su a rigingine,
ƙafafu na rawa kamar masu neman ƙasa a sama.
Kafin mako, shiru ya ci kwami biyar.
Thongbai ta kunna turare,
ta kai abinci ga masu riga ruwan goro a haikali.
Ni kuwa na kasa barci.
Wa zai ce rashin hayaniya na hana ido rufuwa?

Lamduan ta zo a babur da akwatin ƙanƙara.
Ta sa safar hannu ta tsinci matattu,
amma ta fi daɗewa kan 'yan tsirarun
da ke tafiya bisa gawar 'yan'uwansu ko a jikinsu.
Ta ce, Baba, a cinyar kowane ɗaya
akwai littafi da haruffa huɗu kacal,
ya fi duk rubutun ganyen da ke haikali tsawo.
Na'ura ba ta iya karanta shi a dunƙule,
sai an yayyaga, kwamfuta ta ɗinke.
Na ce, ashe abin da muke taunawa da giya
malami ne bai faɗa ba.
Ba ta yi dariya ba. Tana rubuta lamba a kwalba.

Wata huɗu kafin waya ta yi ƙara.
Ta ce, gyarenka duk 'yan ɗaki ɗaya ne.
Ka ari tasar ƙwai wurin Bunlert,
Bunlert ya ara wurinka,
shekara tara kuna musayar abu guda.
Makulli ɗaya ne a duk ƙofofin ƙauyen,
cuta ta tsinci mabuɗi, ta shiga ko'ina.
Waɗanda suka tsira, akwai wani layi a littafinsu
da ya sha bamban.
Ban ce magani ba ne, Baba. Na ce mun ga inda za mu duba.

Na yi shiru. Na ɗauka zumunci muke yi ni da Bunlert.

Ta kawo ƙwai daga larduna uku, cikin buntun shinkafa,
ta hana ni shiga da takalmin kasuwa.
Tana maganar furotin, da ruwan da saniya ke sha,
da bakunan duniya da za su ƙaru.
Ni dai bashin banki nake lissafi.

Ta bar mini takarda guda, cike da haruffan nan,
ba wasali mai daɗi, ba inda za ka ja numfashi.
Na manna ta a ginshiƙi kusa da kalanda.

Daren jiya, wajen ƙarfe biyu,
ɗaya ya gwada murya a kwami na biyu.
Ya tsaya. Ya sake.
Thongbai ta taɓa ni, ta ce ka ji?
Na ce na ji.
Ta ce to tashi ka duba raga,
na ga tsaka a bango tun magariba.